Inda nauyin kiɗan heavy metal yake fitowa a sitidiyo

Ƙungiyar da na ɗaukar wa kundinta na farko mutum biyar ce: mai ganguna, masu jita biyu, mai jitar bes, da mawaƙi. Buƙatarsu ɗaya ce, irin wadda kowace sabuwar ƙungiyar metal take zuwa da ita: a ƙure komai, sauti ya yi nauyi. Aikin ya nuna mini cewa nauyin yana fitowa ne daga daidaiton hannun makaɗa, da kuma rage wa kowane kayan kiɗa abin da ba hurumin sa ba.

Da ganguna muka fara, tunda a kansu sauran za su zauna. Wanda ya saba da sitidiyon da ake haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta zai yi mamakin lokacin da wannan mataki yake ci. Mun canza fatu gaba ɗaya, muka ɗaure, muka bar su suka kwana sannan muka sake ɗaurewa, domin sabuwar fata tana saki. Makirfo ɗaya ya shiga cikin babbar gangar ƙafa, dab da inda guduma take sauka. Ƙaramar ganga mai tsirkiyar ƙarfe ta sami makirfo samfurin SM57 a sama da wani a ƙasa, sauran gangunan kowace da samfurin MD421, sai biyu a sama don faya-fayan tagulla, waɗanda muka auna da igiya don nisansu daga ƙaramar gangar ya zo ɗaya. Makirfon ƙasa dole a juya siginarsa. Idan sanda ta sauka, fatar sama tana nisantar makirfonta ne, ta ƙasa kuma tana matsowa kusa da nata, sai siginonin biyu su riƙa cinye juna, gangar ta fito a rame.

Gangar ƙafa ita ce ta fi ba da wahala. A waƙar da ke tafiya taku 200 a minti, ƙafafu biyu na buga huɗu a kowane taku, wato bugu 800 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 75 kacal. Duk amon da ya wuce wannan tazara zai hau kan na gaba, sai a ji rugugi kawai. Mun cusa bargo ciki ya taɓa fatar, muka rage sautin da ke wajen 300 zuwa 400 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), inda yake dagulewa, muka ɗaga na wajen 4,000 zuwa 5,000 Hz don a ji kaifin kowane bugu.

A jita ne aka yi ja-in-ja. Makaɗan sun saba murɗa makunnin kaushi har ƙarshe a ɗakin gwaji, kuma a can yana da daɗi, don iskar lasifika tana dukan ƙirjinka. Makirfo ba ya jin wannan iskar. Abin da yake ɗauka shi ne shuu mara tushe, an daina bambance tsirkiya da tsirkiya. Mun mayar da makunnin kaushi na amfilifayar Peavey 6505 wajen rabi, muka sa Tube Screamer, wata 'yar na'urar ƙara wa jita kaushi, a gabansa da kaushinsa a sifili, ƙarfinsa a sama, domin yana datse ƙasan sauti kafin ya shiga amfilifaya. SM57 ya tsaya daidai inda murfin tsakiyar lasifika ya haɗu da mazuginta. Matsar da shi santimita biyu zuwa tsakiya, sauti ya yi tsini. Zuwa gefe, ya dushe. Na fi son a ɓata awa guda ana matsar da makirfo da a kwana ana gyara a kwamfuta.

Kowane sashe sau biyu aka buga shi, ɗaya ya tafi kunnen hagu, ɗaya na dama. Kwafar ɗauka ɗaya a liƙa ba ta yi, tana dawowa tsakiya ne da ƙarin ƙara. Ɗan bambancin da ke tsakanin bugun biyu shi ke buɗe faɗin. Amma dole hannayen su tsaya lokaci guda su tashi lokaci guda, musamman inda ake danne tsirkiya da gefen tafi. Shirun da ke tsakanin dukan nan, idan ya fita tsaf, shi ne mai sauraro yake ji a matsayin nauyi. Saboda haka mai jitar da hannunsa ya fi tsayawa shi ya buga ɓangarorin biyu a waƙoƙi masu sauri, ɗayan ya ɗauki sashen da jita ɗaya ke fitowa ita kaɗai a tsakiyar waƙa. Magana ce mai ɗaci, gara a yi ta tun kafin a shiga sitidiyo. Sun sassauta ɗaurin jitarsu zuwa sautin C, ƙasa da yadda aka saba, don haka muka sa tsirkiyoyi masu kauri, lamba 11 zuwa 56. Sirara suna lilo, sautinsu ya haura idan an doke su da ƙarfi. Mun kuma ajiye siginar jita tsura, kafin ta shiga amfilifaya, ko da za a so sake sautin daga baya.

Rabin abin da mutane suke ɗauka ƙarfin jita ne, na bes ne. Mun yanke duk abin da ke ƙasa da 90 Hz daga jitoci muka bar wa bes wurin. Bes ɗin kuma muka raba shi biyu: ƙasa da 200 Hz tsaftatacce a matse (wato an rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai sanyi), sama kuma da kaushi, don a ji shi ko a ƙaramar lasifikar waya. Kundin da ƙungiyar Metallica ta fitar a 1988 da ƙyar ake jin bes ɗin Jason Newsted a cikinsa, kuma har yau masoyansu ba su daina ƙorafi ba.

Muryar ihu ba ta jure doguwar ɗauka. Makirfo samfurin SM7B, ruwan ɗumi a gefe, layi-layi, a tashi da zarar ta fara shaƙewa.

Sai batun ƙara a matakin ƙarshe, inda ƙungiyar ta so kundinta ya fi na kowa tashi. Na kunna musu misalin 2008: Metallica ta fitar da kundinta Death Magnetic a matse har sauti yana fashewa, masu sauraro suka gano cewa waƙoƙin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan tsafta, dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake haɗa shi. Yanzu ma Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi a intanet, yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen −14 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), don haka wanda ya matse nasa za a rage masa, ya rasa ƙarar, ya rasa bugun gangar. Mun tsaya wajen −9, muka bar tazarar desibel 1 a ƙololuwa.

Da kundin ya fita, waɗanda suka yi sharhi a kansa sun yaba jitoci da bes. Sukar da ta fi yawa a kan waƙa biyu ce, inda ƙungiyar ta dage a jera kowane bugun ganga daidai kan layin kwamfuta a kuma maye gurbinsa da sautin da aka riga aka ɗauka. An ce kamar inji ne yake bugawa, kuma gaskiya suka faɗa: kowane bugu ƙarfinsa ɗaya, babu inda hannu ya gaji ko ya zabura. A sauran waƙoƙin, inda muka gauraya sautin gangar gaske da na taimako muka gyara kuskuren da kunne ke kamawa kaɗai, ba wanda ya ɗaga maganar.

Masu sharhi da masu zuwa wasa ba su zaɓi waƙa ɗaya ba. Na farko sun fi son doguwar waƙar da ke da sauye-sauye. A dandali kuwa, wadda ta fi kowace jan ƙafa, mai sassauƙan salon jita, ita jama'a suke nema. Wannan saɓani ya girmi ƙungiyar. Black Sabbath ta Birmingham ta ɗauki kundinta na farko cikin kusan yini guda a 1969, ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970, 'yan jarida suka yi masa ca, amma ya kai lamba 8 a jerin kundayen Birtaniya. A kundi na biyu da muke shiryawa, mun yarda a ɗauki ganguna da bes tare a ɗaki ɗaya, kuma a gwada kowace waƙa gaban jama'a kafin a kunna makirfo.