Godiya ga Allah da waɗanda suka tsaya mana a jinyar Abban yara

Alhamdu lillahi. Abban yara ya haɗiye ƙwayarsa ta ƙarshe. Wata 6 na maganin tibi, wato tarin fuka, sun cika, likitan zuciya ya sake ɗora masa na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya a ƙirji, ya ce ruwan da ya taru ya matse masa zuciya bai dawo ba. Gajiyar da ban samu damar ji ba duk tsawon jinyar nan, yanzu ta sauko mini gaba ɗaya. Amma akwai hakkin mutane a wuyana, kuma wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Yawancinku kun bi mu tun lokacin da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, don haka ba sai na maimaita yawon da muka sha ba, daga maganin taifot zuwa na gyambon ciki zuwa rubutun sha. Dare ɗaya nake so in tsaya a kai, daren da aka zuƙe ruwan a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo.

Tsakiyar hunturu ne. Ya kasa kwanciya, sai zama yana sunkuye yana jan numfashi da baki, jijiyoyin wuyansa sun tashi ruɗu-ruɗu, hannuwansa sun yi sanyi. Wani matashin likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Hausa, a natse. Ya ce zuciya tana zaune ne cikin wata 'yar jaka mai ruɓi biyu, ruwan da ke tsakaninsu a mai lafiya bai wuce 'yan cokula ba. Ƙwayar cutar tarin fuka ta shiga jakar, ruwa ya taru ya matse zuciyar har ta kasa buɗewa ta cika da jini, shi ya sa awon jininsa yake ta yin ƙasa. Dole a soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirji a janye ruwan a daren nan, ba za a jira safiya ba. Ya miƙo takarda ya ce, "Hajiya, wa zai sa hannu?" Na kira waɗanda ya kamata in kira, wayoyi suka yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na yi bismillah na sa hannu, biron yana rawa.

Da suka ja labule na fito baranda na zube a kan siminti. Ban san ƙafata ba takalmi ba. A nan wata dattijuwa 'yar Birom, wadda ke jinyar ɗanta a gadon da ke kusa da namu, ta same ni. Kowa a ɗakin Ngo yake ce mata. Ta yaye bargon da ke jikinta ta lulluɓa mini, ta tsiyayo ruwan zafi daga fulas ɗinta, ta ce, "'Yata, tashi daga simintin nan. Idan ke ma kin kwanta, wa zai duba shi?" Na ce, "Mama, tsoro nake ji." Ta ce, "Yi taki addu'ar, ni ma zan yi tawa." Ta riƙe hannuna, ita cikin sanyi da zane ɗaya, ba ta saki ba sai da nas ta leƙo ta ce in shigo. Na tarar da shi a jingine, numfashi ya daidaita, ga ruwa jaja-jaja cikin roba a gefe, mai yawan da ban zaci ƙirjin mutum zai ɗauka ba. An sallame su kafin mu, ban karɓi lambarta ba. Ta ce mini daga wajen Vom take. Duk wanda ya gane ta daga wannan bayani, don Allah ya isar mata cewa ina yi mata addu'a ita da ɗanta, kuma bargonta yana wurina a wanke.

Likitocin sashen zuciya da nas-nas na wannan ɗaki, Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku. Sai ma'aikaciyar sashen DOTS, inda ake karɓar maganin tibi, da ta zaunar da mu ta warware mana komai. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sannan wata 4 a ci gaba da biyun farko. Ta gargaɗe mu cewa fitsari zai canja ya yi ja, kada mu firgita, aikin rifampicin ne, amma in idonsa ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa mu dawo a guje. Ta kuma ce ko ya ji garau kada ya kuskura ya daina sha, don ta haka cutar ke bijire wa magani. Ba don ita ba, da ranar da ya fara ganin fitsarin nan ya jefar da ƙwayoyin.

Maganin tibi kyauta gwamnati ke bayarwa, ko kwabo ba mu biya ba. Amma eko da gado da gwaje-gwaje da kayan zuƙe ruwa duk kuɗi ne, ga mai nema a kwance. Waɗanda suka taimaka sun roƙe ni kada in faɗa, su yi haƙuri, zan faɗa. 'Yan layinsu na kasuwar Farin Gada sun yi karo-karo suka kawo a leda, ba wanda ya rubuta sunansa. Kawu Ƙarami ya sayar da ragon da yake kiwo. Maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta haɗa yarana da nata, ci da wanka da rakiyar Islamiyya, ba ta taɓa nuna mini gajiya ba. Ɗan Auta mai keke ya yi ta jigilarmu daga Anguwar Rogo zuwa Lamingo, in na miƙa kuɗi sai ya ce, "Anti, bari sai Yaya ya tashi." Limamin masallacin layinmu da jama'arsa ba su fasa sa shi a addu'a bayan asuba ba. Ya Allah Ka buɗa musu ƙofofin arziki, Ka raba su da kwanan asibiti, Ka shirya musu zuri'a, Ka tsaya musu ranar da ba mai tsaya wa wani, Ka sa abin da suka yi ya zama inuwarsu gobe ƙiyama.

Akwai kuma waɗanda jini ya haɗa mu, da suka ji kalmar tarin fuka suka ɗauke ƙafa, har yaransu suka hana zuwa gidanmu. Maganar da aka yi ta yaɗawa saboda ramar da ya yi da gwajin ƙanjamau ta dawo kunnena. Wannan gwaji duk mai tibi ake yi wa, ƙa'ida ce. An gwada majinarsa, an ɗauki hoton huhu, huhun lafiya lau, likita ya ce irin wannan ba ya yaɗuwa ta numfashi in dai huhu bai kamu ba. Kuma ko da abin da kuka zata ne, ai ɗan'uwanku ne. Na bar wa Allah, ƙofarmu a buɗe take.

Abban yara bai taɓa yin tarin a zo a gani ba, shi ya sa ba wanda ya kawo tibi a ransa. Zufar dare ce, da zazzaɓin yamma, da rama, da haki in ya hau 'yar tudu, sannan kumburi. Likita ya ce a ƙasashenmu na Afirka tibi ne kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya. Wanda ya ga irin haka a gidansa ya nufi babban asibiti a duba zuciyar, ko ya kira 3340, layin tibi na ƙasa, kyauta ne.

Ba mu gama da asibiti ba tukuna. An ce a wasu mutane jakar takan yi kauri ta taurare daga baya, kamar ƙirgin da ya bushe a rana, ta sake ɗaure zuciya har sai an yi tiyata an ɓare ta, don haka za a ci gaba da duba shi da eko. Ku taya mu roƙon Allah Ya tsare shi daga wannan. Masu tambayar yaushe za su zo gaishe shi, ku zo bayan la'asar, da safe yana hutawa.