Godiya ga duk wanda ya zo addu'ar kakanmu

Assalamu alaikum jama'a. Jiya Asabar mun ka yi saukar Alƙur'ani nan gidanmu Kaura Namoda don kakanmu, mahaifin babanmu, kuma wallahi har yanzu zuciyata ba ta gama natsuwa ba saboda jama'ar da ta taru, mun aza tabarmi shidda sai da an ka aro wasu daga masallaci.

Da yawa sun tambaye ni wai mutumin da ya rasu shekara tamanin baya, mi ya sa sai yanzu. To ga yadda abin yake. Shi dai neman kuɗin haraji ya hidda shi, ya bi ayarin 'yan goro har Gwalkwas, Gana ta yanzu, ya kama aikin haƙar zinari ramin Obuwasi. Da yaƙin Hitila ya yi zahi sai ya shiga soja can, an ka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan dajin Boma, yankin Arakan, inda sojojinmu ke ɗaukar kaya bisa kai ana jeho masu abinci daga jirgin sama suna faɗa da Jafan. Farkon 1945 ya cika. Babanmu bai san fuskarshi ba.

Kakarmu Allah ya jiƙanta har ta koma ga Mahaliccinta tana aje da zane guda da ya aiko mata daga Kumasi cikin adaka, ba ta taɓa ɗaura shi ba, kowace sallah sai ta hiddo ta shanya ta ninke ta mayar. Jiya na buɗe adakar gaban mutane, ƙamshin kafur na nan, gwaggonmu ta kasa tsayawa.

Godiya ta musamman ga ɗan maƙwabcinmu mai karatu Sakkwato, yaron ga wata biyu yana bin rijistar sojojin a intanet da datar aljihunshi har ya gano sunan, an rubuta shi a karkace irin na Turawa amma garin da sunan uba duk sun dace. Sunan na jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Gano sunan nan shi ya sa sai yanzu mun ka yi addu'ar. Ɗana, Allah ya yi ma albarka.

Liman da almajirai, matan unguwa da sun ka kwana bakin murhu kan masa da fura, 'yan uwa na Gusau da Shinkafi da sun ka biyo hanya duk da halin da take ciki, mun gode. Sai samarin nan masu haƙar zinari wajen Maru da sun ka kawo buhun shinkafa ba wanda ya roƙe su, sun ce ai tsohon nasu ne, ɗan rami ne irinsu. Nan ne hawaye ya kubce man.

Wanda bai samu zuwa ba ya sa shi cikin addu'a, shi da abokan tahiyarshi da ke kwance can. Zanen kuma mun bar ma gwaggo.