Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Masu Jiri

A makon jiya mun tsaya inda aka mayar da ni sashen gashi da motsa jiki na wani asibiti a Gombe. Yau zan koma gefe in bar aikin ya yi magana.

Mai jiri yakan zo da fassararsa a hannu: hawan jini ne, ko shawara, ko iska. Wani sa'in hawan jinin ne kuwa. Amma idan dattijo ya ce ɗaki na juya masa da zarar ya kai goshi ƙasa a sujada, ko ya juya a shimfiɗa da asuba, kuma abin ba ya kai minti ɗaya, to kunne ake fara tuhuma.

Can cikin kowane kunne akwai lanƙwasassun bututu uku cike da ruwa, su ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu ɗauke da tsakuwa ƙanana kamar garin alli, nauyinsu ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Idan tsakuwar ta ɓalle ta faɗa bututu, galibi na baya, kai na karkata sai ta gangara ta ja ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana hajijiya.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A zaunar da mutum a gado, a juya kansa digiri 45 wajen kunnen da ake zargi, a kwantar da shi rigingine da hanzari, kan ya ɗan rataya a bakin gado. Ido ake kallo. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙwayar idon za ta fara fizga, shi kuma ya damƙe hannunka yana salati. "Baba, buɗe ido, yanzu zai wuce." In ya rufe, an yi asarar gwajin.

Daga nan ake zarcewa da dabarar mayar da tsakuwar cikin jakarta, wadda likitan Amurka John Epley ya wallafa a 1992. A ce kunnen dama ne. A riƙe kan a haka daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. A juya shi digiri 90 zuwa hagu, a jira. A mirgina mutum kan kafaɗar hagu har hancinsa ya kalli ƙasa, a sake jira. Sai a tashe shi zaune, haɓa a sunkuye. Inda aka fi ɓata aikin shi ne barin kai ya ɗago tsakanin juyi da juyi, tsakuwar ta sake gangarawa cikin bututun. Mai ciwon wuya mai tsanani ba a yi masa haka. Wanda jirinsa ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe ko gani bibbiyu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ɗakin gaggawa za a nufa da shi.

Tsakuwar nan ce ke wahalar da 'yan sama jannati. A can ba ta da nauyi, sai ƙwaƙwalwa ta rasa sama da ƙasa. Da yawansu kan yi kwana biyu ko uku cikin tashin zuciya kafin ta koyi dogaro da ido. Dawowa kuma wani sabon karatu ne. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya kafin ya sauka a Kazakistan a watan Maris na 2016. Irinsu, ɗora dunduniya gaban yatsu a kan layi ɗaya kan gagare su a ranar farko, kuma ba hutu ake ba su ba, atisaye ne na makonni. Masuncin Dadin Kowa da ya wuni a kwale-kwale ya san ɗan ƙaramin wannan: ya hau tudu, ƙasa na ta lilo da shi. Haka fasinjan kujerar baya da ya duƙufa kan waya daga Gombe, kafin Alkaleri yana neman leda, don ido ya ce a zaune ake, kunne ya ce tafiya ake. Ya koma gaba ya riƙa hangen nesa.

Shi ya sa raina ke ɓaci da wanda kunnensa ya taɓu, ko ta ƙwayar cuta ko ta allurai irin su gentamicin da streptomycin, ya kwanta wata uku yana shan Stugeron daga kemis. Maganin na rage amai a kwanakin farko, amma in an daɗe a kansa yana hana ƙwaƙwalwa koyon sabon lissafi. Abin da ake so: a rubuta babban harafi a takarda, a riƙe ta tsawon hannu, a kafa mata ido, a riƙa juya kai dama da hagu minti ɗaya, sau uku zuwa biyar a wuni. In harafin ya fara dishi-dishi, a rage sauri. Ɗan jiri da ke lafawa bayan 'yan mintoci ba laifi ba ne. A fara a zaune, sannan a tsaye a kusurwar ɗaki, kujera a gaba, daga baya a kan katifa, inda tafin ƙafa ba zai taimaka ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɗakin masu karaya.