Godiya ga waɗanda suka ci mini littattafai

Assalamu alaikum. Jiya na miƙa kundin kammala digirina kuma an karɓa, alhamdu lillahi. Na yi wa kaina alkawarin ranar da haka ta faru zan fito bainar jama'a in yi godiya.

Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar a tuna musu da asubahin Talata, 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliyar da dattawa suka ce rabonsu da irinta tun 1994. Ɗakin hayata a Gwange yake. Daga ni sai kayan jikina da waya na fita. Da ruwa ya janye muka koma, na buɗe akwatin ƙarfen da nake tara littattafai tun ina sakandare, na tarar sun kumbura sun manne da juna, taɓo ya shiga ko'ina. Har da ƙamus ɗin Bargery na Hausa da Turanci, wanda aka fara bugawa a 1934, da na gada daga mahaifina. Shafi sama da dubu ya dunƙule kamar tubali. Bugun ba shi ya fi ci mini rai ba, rubutun Baba ne da jan biro a gefen shafuka.

To ga abin dariya. Ni mutum ne mai ƙorafi a kan aron littafi. Har wani ɗan littafi nake da shi na sunayen waɗanda suka ara ba su dawo da shi ba, shi ma ruwa ya tafi da shi. Sai ga mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, wasu da kunya wasu da tsiya, suna kawo mini kayana. Littafi goma sha bakwai na ƙirga. Abin da na bayar ina gunaguni shi ya tsira, wanda na kulle da kwaɗo ya ruɓe. Abokina da ya riƙe mini littafin nahawu shekara biyu, na yafe maka duniya da lahira.

Malam, mai duba aikina, Allah ya saka da alheri. Ka ƙara mini lokaci ban roƙa ba, ka kuma ba ni naka ƙamus ɗin ka ce in riƙe har in gama. Goggo, ke kika ba ni ɗaki da tuwo wata uku, kika baje mini takardu a tsakar gida kina danne su da duwatsu kina korar awaki, ko da yake yawancinsu ba su karantu ba. 'Yan ajinmu da suka yi ta ɗaukar hoton littattafan darasinsu suna turo mini ta WhatsApp, da mai hoton takardu na bakin ƙofar makaranta da ya yi mini aiki bashi bai taɓa tuna mini ba, na gode.

Nawa takarda ce. Akwai maƙwabtan da suka rasa rai da gidaje; Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa sauran da alheri.

Malam, ƙamus ɗinka na nan lafiya. Ranar Litinin zan kawo, in sha Allahu.