Sakamakon da ya ce akwai, alhali babu

Aikin farko da aka damƙa mini a ɗakin gwajin jini shi ne gwajin RF (rheumatoid factor, wani sinadarin garkuwar jiki da ake samu a jini), wanda likita ke nema idan yana zargin amosanin gaɓoɓi na rumatoyid, wato irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita. A ido aikin ba wuya. Baƙin kati ne mai da'irori. A ɗiga ruwan jinin majiyyaci, a ɗiga farin ruwa mai ɗauke da mitsi-mitsin ƙwayoyin roba, a gauraya da tsinke, sai a riƙa karkata katin a hankali na minti 2. Idan ruwan ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, akwai. Idan ya zauna sumul, babu.

A sati na biyu na haɗa wani kati, aka kira ni, na bar shi ƙarƙashin fitila. Da na dawo na tarar gefen da'irar ya yi ɗige-ɗige fari, na rubuta akwai. Babbar ma'aikaciyar da ke horar da ni ta dubi katin, ta dube ni, ta ce, "Minti nawa ya yi a nan?" Muka sake, da agogo a gabanmu, ruwan ya zauna sumul. Bushewa ce na gani na ɗauka cuta ce. Har yau idan na tuna saura ƙiris takardar nan ta fita da sa hannuna, sai gabana ya faɗi.

Na zaci idan muka koma kan inji an rabu da wannan. Ashe injin ma ba RF yake gani ba. Haske yake haskawa ta cikin samfurin, ya auna yadda ruwan ya yi duhu ko yadda hasken ya warwatse, ya mayar da shi lamba. To idan ruwan jinin ya zo fari fat saboda yawan kitse, maimakon ruwan ɗorawa garau, ko ba a tace shi da kyau ba zaren daskarewar jini na yawo ciki, hasken zai warwatse ko da RF ko babu. Tun daga nan ba na saka kwalba a inji sai na ɗaga ta sama na kalle ta.

Wanda ya fi ba ni wahalar fahimta shi ne katsalandan ɗin da ido ba ya gani. Yawancin gwaje-gwajen garkuwar jiki da sinadaran garkuwar dabbobi ake haɗa su, na ɓera ko zomo ko akuya. Akwai mutanen da jininsu ke ɗauke da garkuwar da ke manne wa na dabbobin nan, wani don an taɓa yi masa magani da aka samo daga ɓera, wani kuwa ba wani dalili a fili. Sai ta kama ɓangaren gwajin nan da wancan ta haɗe su, injin ya ga alama ya ƙirga. Shi kansa RF gwanin wannan ɓarna ne, don aikinsa ke nan: kama wutsiyar garkuwar da ake kira IgG. Saboda haka yakan shiga gwajin da ba nasa ba, ya sa a ga kamar mai ciki ta kamu da sabuwar rubela, ko ya ɗaga lambar turofonin da ake auna ciwon zuciya da ita. Tarihinsa ma haka ya faro. Erik Waaler ya bayyana shi a Oslo a 1940, sannan a 1948 Harry Rose a New York ya sake cin karo da shi yana tsaka da gwajin wata cuta daban.

Amma darasin da ya fi zauna mini a rai ba laifin inji ba ne. Wata mata aka turo, gaɓoɓinta na ciwo, ga gajiya. RF ɗinta ya hau sosai. Na sirka samfurin, lambar ta sauko daidai gwargwadon sirkin, na sake ta wata hanya, abu ɗaya. Gwajin bai yi ƙarya ba, RF na nan da gaske. Sai dai anti-CCP ɗinta, wani gwajin jini na daban da ake neman rumatoyid da shi, bai nuna komai ba. Likitan bai yi gaggawa ba, ya nemi gwajin hanta, aka samu ciwon hanta nau'in C. Wannan cuta sananniya ce wajen ɗaga RF, kuma ita ma tana sa ciwon gaɓoɓi. Maganin da aka fi fara bai wa mai rumatoyid kuwa, methotrexate, hanta yake taɓawa. Na daɗe ina juya abin a zuciyata: da an bi takardata kaɗai, da an ɗora wa hantar da ke ciwo wani nauyin.

Ba ciwon hanta kaɗai ba. Tarin fuka, ciwon Sjögren mai busar da ido da baki, ƙwayoyin cuta a bawul ɗin zuciya, har tsufa kawai, duk suna iya sa RF ya fito. A ɗaya gefen kuma, kusan kashi 30 cikin 100 na masu rumatoyid na gaskiya RF ɗinsu ba ya nuna komai. Anti-CCP, wanda masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka samar wajen shekarar 2000, ya fi shi tsayawa kan cuta ɗaya, don cikin marasa rumatoyid 100 kusan 95 za su fito babu. Duk da haka mai tarin fuka kan nuna akwai, galibi da 'yar ƙaramar lamba. Shi ya sa ƙa'idojin 2010 na ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai ke burge ni. Ana neman maki 6 cikin 10, RF da anti-CCP a haɗe ba sa wuce maki 3, su ma sai lambar ta haura ninki uku na iyakar lafiya. Kafin a fara ƙirga ma, sai likita ya taɓa gaɓa aƙalla ɗaya ya ji ta kumbura.

A ganina babban gibin yana tsakanin bencinmu da ɗakin likita. Mu muna da kwalba ba mu ga mutum ba, shi yana da mutum bai ga kwalba ba. Takardar neman gwaji takan zo da suna da shekaru kawai, gurbin bayanin ciwo fayau. Yanzu idan lamba ta ba ni shakka, ina sirka samfurin in ga ko za ta sauko yadda ya kamata, don katsalandan sau da yawa ba ya bin lissafin sirki. Idan akwai kwalbar da ke toshe garkuwar nan mai kama ta dabbobi, in zuba a ciki in sake aunawa, ko in tura a gwada da injin wani kamfani. Sannan in ɗauki waya.

Da farko kiran nan nauyi yake yi mini, ina ganin kamar shiga hurumin da ba nawa ba ne. Na kira wani likita kan wani dattijo da anti-CCP ɗinsa ya ɗan haura iyaka, na ce, "Ranka ya daɗe, gaɓoɓinsa sun kumbura kuwa?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce a'a, sai dai tari da rama na wata biyu. Kafin a tashi aiki, kwalbar majinar dattijon ta iso ɗakin gwaji.