Lambar madadi a gurbin lambar kati: yadda take aiki da inda take kayar da ɗan kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta intanet, kuma yake ajiye katin abokin cinikinsa don biyan gaba, ya ɗauki amanar da ta fi ƙarfin shagonsa. Lambobi 16 ɗin da ke jikin kati, waɗanda masu sana'ar ke kira PAN, suna ci a ko'ina. Wanda ya kwashe su daga rumbunka yana iya yin sayayya da su a wata nahiya kafin gari ya waye. Shekara da shekaru maganin da aka sani shi ne ƙara wa katanga kauri: a kulle lambar da makullin sirri, a rage masu ganinta. Lambar madadi, wadda ake ce wa tokin, ta ɓullo ta wata hanya. Ana barin ɗan kasuwa da wata lamba wadda ba ta da amfani a hannun kowa sai shi.

Da farko sai an raba abu biyu masu suna ɗaya, domin nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai tokin ɗin da dillalin biya ke bayarwa, wato kamfanin da ke tsakaninka da banki. Wannan tamkar tikitin ajiya ne. Dillali ya ɓoye ainihin lambar a taskarsa, ya ba ka wata alama, idan lokacin cire kuɗi ya yi ya ɗauko ainihin lambar ya tura. Kai ka huta da ajiya, amma PAN ne dai ke tafiya a hanya. Na biyu shi ne wanda kamfanin kati da kansa ke bayarwa, Visa ko Mastercard ko American Express, da yardar bankin da ya ba da katin. Shi nake magana a kai. EMVCo, ƙungiyar da manyan kamfanonin kati shida suka mallaka, ta fitar da ƙa'idarsa a watan Maris na 2014, kuma a kanta Apple Pay, tsarin biya da wayar iPhone, ya fara aiki a Amurka a watan Oktoba na shekarar.

A ido, lambar madadi ba ta da bambanci da lambar kati. Tsawonta tsakanin lambobi 13 zuwa 19 ne, yawanci 16, tana tsallake lissafin Luhn da ake tantance lambar ƙarshe da shi, kuma tana da nata wa'adin ƙarewa. Da gangan aka yi haka, don ta shiga ramin da PAN ke shiga a saƙon ISO 8583, wato tsarin saƙon da bankuna ke aika bayanan cinikin kati da shi, ba sai bankuna sun sauya na'urorinsu ba. Ƙarfinta yana cikin ƙullin da aka yi mata. An ɗaure ta ga mai nemanta guda, wanda ke da lambar rajista mai lambobi 11 da ake kira TRID, an kuma ɗaure ta ga hanyar ciniki guda. Tokin ɗin da aka yanka don shagonka na intanet ba zai ci a wani shago ba, ba kuma za a buga shi a jikin katin jabu a soka a na'ura ba.

Ga yadda ake yanka ta. Abokin ciniki ya shigar da lambar katinsa da wa'adi da lambobi uku na baya, ya amince a ajiye. Kai ko dillalinka ku tura buƙata zuwa sashen tokin na kamfanin katin, VTS a wurin Visa, MDES a wurin Mastercard. Kamfanin ya duba ko bankin mai katin ya shigar da wannan rukunin katuna cikin tsarin, sannan banki ya yanke ɗaya cikin uku: ya amince, ya ƙi, ko ya nemi ƙarin tabbaci kamar lambar sirri ta waya. Idan ya amince, za a dawo maka da tokin da wa'adinsa, da lambobi huɗu na ƙarshe na ainihin katin, sau da yawa har da hoton fuskar katin don nuna wa mai shi. Lambobi ukun nan na baya kuwa haramun ne a ajiye su bayan an nemi izinin biya, da tokin ko babu.

Hatimin da ke raka kowane ciniki

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne hatimi. Duk lokacin da mai kati ya danna "biya" da kansa, kafin ka tura neman izini sai ka koma wurin kamfanin kati ka karɓo wani gajeren rubutun sirri na amfani sau ɗaya. Visa na kiransa TAVV, Mastercard kuma na ɗauke da nasa a filin UCAF, kuma yawanci haruffa 28 ne. Tare da shi ake ba ka alamar ECI mai lambobi biyu, wadda ke nuna matakin tsaron da cinikin intanet ɗin ya samu. Sai ka haɗa tokin da wa'adinsa da hatimi da ECI ka miƙa wa bankinka. Saƙon na isa wurin kamfanin kati, ya tantance hatimin, ya tabbatar mai TRID ɗin ne ya turo, ya juya tokin zuwa ainihin PAN, ya miƙa wa bankin mai kati tare da shaidar cewa an tantance. Wato PAN bai taɓa ratsa kwamfutocinka ko na bankinka ba a wannan tafiya.

Shi ya sa wanda ya sace rumbun tokin ya ɗauki buhun ƙaiƙayi. Ba shi da ikon karɓo sabon hatimi, tsohon kuma ya riga ya mutu.

Kurakuran hatimi su ne suka fi yawa a farkon aiki, kuma duk iri ɗaya ne. Wani ya ajiye hatimi ya sake tura shi a ƙoƙari na biyu bayan ƙin farko. Wani ya karɓo shi tun lokacin da aka buɗe shafin biya, abokin ciniki ya tafi ya daɗe, hatimi ya tsufa. Wani ya haɗa tokin da wa'adin ainihin katin maimakon nasa wa'adin. Wani kuma ya rubuta ECI guda a cikin manhajarsa yana tura ta kullum, maimakon wadda aka ba shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane sabon neman izini da mai kati ya tayar, sabon hatimi, a karɓo shi daf da turawa, a miƙa duk abin da ya zo da shi ba tare da taɓawa ba.

Biyan wata-wata daban yake. A nan mai kati ba ya wurin, kai ne ke tayar da cinikin bisa yarjejeniyar da kuka yi. Ciniki na farko shi ke ɗaukar hatimi, kamfanin kati ya dawo da lambar shaidar wannan cinikin, ka adana ta. Na gaba duka sai su tafi da alamar cewa ɗan kasuwa ne ya tayar, tare da waccan lambar shaida, galibi ba tare da hatimi ba. Wanda ya manta bai adana ta ba, cinikinsa zai riƙa isa banki kamar baƙon da ba shi da mai masauki, ƙin biya kuma ya yawaita.

Ribar da 'yan kasuwa suka fi gani a aljihu ba ma ta tsaro ba ce. Idan kati ya ƙare wa'adi ko ya ɓace banki ya buga sabo, bankin kan sauya PAN ɗin da ke bayan tokin, tokin na nan yadda yake. Amsa mai lamba 54, wato kati ya ƙare, tana raguwa ƙwarai. Sai dai akwai wutsiya. Mutumin da ya canza kati yana zaton ya rabu da wani biyan wata-wata zai ga ana ci gaba da cire masa, ya garzaya banki da ƙorafi. Ina ganin wajibi ne duk wanda ya koma tokin ya sauƙaƙa hanyar soke rajista a rana guda da komawarsa. Idan kuma aka rufe asusun baki ɗaya, ko banki ya kwashe katunansa daga Visa zuwa Mastercard, tsohon tokin ba ya ƙetarawa, dole a yanka sabo.

Tokin yana da rai: yana aiki, ko an dakatar da shi, ko an goge shi. Kamfanin kati na aiko da sanarwa duk lokacin da halinsa ya sauya. Idan manhajarka ba ta sauraron waɗannan sanarwa, za ka yi ta tura ciniki a kan tokin da aka dakatar, kana nuna wa abokin ciniki lambobi huɗun katin da ya daɗe da karyawa. Haka kuma idan mutum ya cire katinsa daga shafinka, ka aika a goge tokin a can, kada ka tsaya ga share shi a naka rumbun.

Abubuwan da ke karyewa a ɓoye

Tsarin gano zamba da yawa an gina su ne a kan PAN: sau nawa katin nan ya gwada biya a awa guda, shin yana cikin jerin waɗanda aka toshe. Yanzu kati guda na iya zuwa maka da fuska uku, tokin na waya, tokin na ajiyarka, da PAN tsirara. Maganin da EMVCo ta kawo a 2016 shi ne PAR, alama mai haruffa da lambobi 29 wadda take ɗaya ga kati da duk tokin da suka fito daga gare shi, kuma ba a iya biya da ita. Ka nemi dillalinka ya riƙa dawo maka da ita, ka mayar da ƙidayarka da makin lada na abokan ciniki a kanta. Lambobin farko na tokin ma daga wani rukuni na musamman suke, don haka teburin BIN, wato jerin lambobin farko na katuna, da kake gane ƙasa ko nau'in kati da shi na iya ɓatar da kai. A rasit kuma a buga lambobi huɗun ainihin katin, domin su mai shi ya sani.

Ba kowane kati ke karɓar tokin ba, sashen tokin ma kan yi jinkiri wani lokaci. Saboda haka ana buƙatar hanyar komawa PAN, kuma nan ne ake tsaka mai wuya: idan ka goge PAN babu wurin komawa, idan ka riƙe shi nauyin PCI DSS, wato ƙa'idojin tsaron bayanan kati, na nan a wuyanka. Abin da ya fi dacewa da yawancin 'yan kasuwa shi ne PAN ya zauna a taskar dillali mai takardar shaida, su kuma su riƙe tokin. Komawar ma da sharaɗi. A koma idan matsalar ta fasaha ce. Idan banki ya ce 41 ko 43, wato kati ya ɓace ko an sace, babu sake gwadawa ta kowace ƙofa, kamfanonin kati ma suna cajin masu nacin hakan. Idan ya ce 51, babu isasshen kuɗi, sauya lamba ba zai sa kuɗi a asusu ba.

Tambayar da nake so kowa ya yi kafin ya sa hannu a yarjejeniya ita ce: da sunan wa aka yi rajistar TRID? Idan na dillali ne, duk tokin da aka yanka nasa ne, ranar da ka tashi canza dillali sai a ɗauko PAN a sake yankawa daga farko. Idan da sunanka ne, kana da damar tura ciniki ta bankuna daban-daban da tokin guda, muddin kowannensu na karɓar filayen hatimi. Ƙaramin shago na iya haƙura da na dillali. Mai dubban masu biyan wata-wata bai kamata ya bari wannan ya wuce shi ba.

Akwai kuma ɓarnar da tokin ba ya karewa. Ranar farko mutum da hannunsa yake rubuta PAN a shafinka, kuma idan an dasa muguwar manhaja a shafin, an kwashe lambar tun kafin a yi zancen madadi. Irin wannan ne ya sami British Airways a 2018, har hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. Sharuɗɗa na 6.4.3 da 11.6.1 na PCI DSS 4.0, waɗanda suka zama dole daga 31 ga Maris 2025, a kan sa ido ga rubutun shafin biya suke. Wanda ya sace kalmar sirrin abokin cinikinka ya shiga asusunsa kuwa, da halastaccen tokin zai yi sayayya, hatimi kuma ya fito lafiya lau. Tokin yana shaida daga inda ciniki ya fito, 3-D Secure, tsarin da banki ke tantance mai kati da shi lokacin biya, shi ne ke tambayar wane ne a zaune, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya aiki.

A wasu wurare zaɓin ma ya ƙare. Babban bankin Indiya ya hana 'yan kasuwa ajiye cikakkiyar lambar kati tun 1 ga Oktoba 2022, Mastercard kuma ta bayyana a 2024 cewa tana son duk cinikin intanet na Turai ya koma kan tokin zuwa 2030.

Wanda ke da tsohon rumbun katuna, kada ya juye shi a dare ɗaya. A ɗauki kaso kaɗan, misali 5 cikin 100, a yanka musu tokin, a bar wani kaso mai kama da shi a kan PAN. A kwatanta yawan amincewa banki-banki, kati-kati, a raba cinikin da mai kati ya tayar da na wata-wata, a bari aƙalla zagayen biya biyu su wuce. Za a ga bankunan da amincewarsu ta ƙaru, a ga ƙalilan da ta ragu, waɗannan sai a bar su a kan PAN zuwa wani lokaci. A gwada maida kuɗi a kan cinikin da aka yi da PAN kafin ƙaura, a gwada shi kuma a kan tokin da aka riga aka goge, tun kafin a ƙara kason zuwa 20.