Kafin a yi wa kwamfutarka fomatin, bari in duba ta tukuna

Makon jiya wata ɗaliba ta shigo shagona da laftof a cikin jakar makaranta, ta ajiye a kan tebur ta ce, "Malam, fomatin nake so a yi mata, ta yi nauyi da yawa." Na tambaye ta abin da ke ciki. Ta ce furojet ɗinta na shekarar ƙarshe, babi huɗu ta riga ta rubuta, ga kuma hotunan bikin yayarta. Na ce, "'Yar'uwa, kina da kwafinsu a wani wuri?" Ta yi shiru. Na jawo mata kujera na ce ta zauna, ta ba ni awa ɗaya.

Irin wannan maganar nake ji kusan kullum a nan Kano. Da zarar kwamfuta ta fara jan ƙafa, abin da ke zuwa bakin mutane shi ne fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows, saboda haka aka saba musu. Ni kuwa a shagona fomatin shi ne abu na ƙarshe, idan duk wata dabara ta ƙare. Galibin na'urorin da ake kawo mini lafiyarsu ƙalau, kaya ne aka labta musu fiye da ƙarfinsu, ko kuma an bar saitin Windows yadda ya zo, alhali na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukarsa.

Tata HP EliteBook ce 'yar Beljiyam, Core i5, ram giga 4, da faifan ajiya mai juyawa, tana kan Windows 10. Da na kunna ta ban taɓa komai ba, agogo kawai na duba. Sai da ta ci minti huɗu da ɗoriya kafin ta yarda in buɗe ko da fayil ɗaya. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, tagar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura, ya fito, to a nan na ga inda gizo ke saƙar: faifan ajiya yana kan kashi 100 cikin 100 bai sauka ba, ram, inda na'ura ke riƙe aikin da take kai, ya kusa cika, furosesa kuwa tana zaune ba ta aikin kirki, jira take a miƙo mata abin da za ta sarrafa. Na shiga shafin Startup, inda ake jera manhajojin da ke tashi tare da Windows. Guda 14 na ƙirga. Ta kiran bidiyo, ta sauke fina-finai, ta firintar da ɗalibar ba ta ma da ita, duk suna rububin tashi lokaci guda a kan faifai ɗaya. Na kashe goma sha ɗaya. Kashe su a nan ba gogewa ba ne, suna nan daram, duk wadda kake so kai za ka buɗe ta da hannunka.

Sai babbar matsalar: manhajojin riga-kafi har biyu, ɗaya wa'adinta ya ƙare tun tuni, kowacce tana binciken fayilolin da ɗayar ta taɓa. Na cire su duka na bar Microsoft Defender da ke zuwa a cikin Windows, wanda ya ishi mai aikin makaranta ko na ofis muddin ana sabunta shi. Cirewar nan kaɗai ta sa faifan ya fara sauka daga kan ɗari.

Daga nan na koma kan kwalliya. Windows tana son ado: taga ta buɗe tana lilo, inuwa a ƙarƙashin kowane akwati, launi mai ɗaukar ido. A sabuwar na'ura ba a jin nauyinsu, a tsohuwa kuwa ana ji. Ana danna maɓallin Windows da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, a buɗe saitin Performance, a zaɓi wanda ke fifita sauri. Amma a nan ne ake gane wanda ya san aiki. Idan ka kashe komai da komai, haruffa za su yi kaushi su riƙa gajiyar da ido, hotuna kuma su daina nuna ƙaramin samfurinsu a cikin folda. Ni ina mayar da waɗannan biyun. Yarinyar da za ta kwana tana karanta babi huɗu a kan allo, ba zan ba ta rubutun da zai sa mata ciwon kai don in burge ta da sauri ba.

Wannan taka-tsantsan a wurin maigidana na koye shi, Allah ya saka masa da alheri. Na fara ne a matsayin yaron shago a wata kafe ta intanet, zamanin Windows XP, kwamfutocin tebur masu Pentium 4 da ram mega 256, wadda ta yi sa'a 512. Lokacin babu shafin Startup a Task Manager, msconfig muke rubutawa. Da daddare bayan an tashi, sai ya sa ni in tattara tarwatsattsun fayiloli a kan kowane faifai. Har yau ina ganin allon nan a idona: jajayen layuka su ne fayilolin da suka warwatse, shuɗaye su ne waɗanda suka haɗu, koraye kuma ba sa motsawa. Ina zaune janareto na ƙugi a waje, ina kallon ja yana komawa shuɗi sannu a hankali. Yana da wani littafi mai bango baƙi, kowace kwamfuta da shafinta. Dokarsa ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta, a sake kunna na'ura, a ga abin da ya faru, sannan a matsa gaba. Idan ka canza abu biyar tare ta lalace, wanne za ka kama? Har gobe da irin littafin nan nake aiki, kuma ba na taɓa saitin kowa sai na kafa wurin komawa baya a cikin Windows, na kuma kwashe muhimman fayilolinsa zuwa wani faifai.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga aikin masu gyaran sha-yanzu-magani-yanzu. Mutum ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya sayi filash, shi ke nan ya zama injiniya. Kowace cuta maganinsa ɗaya, ya goge komai. Na sha ganin magidanci ya zo idonsa ya kaɗa, lissafin shagonsa na shekaru ya tafi, don wanda ya kai wa bai tambaye shi ko akwai abin ajiyewa ba. Mafi muni su ne masu ɗora wa mutane Windows ɗin da wani ya yanke wa gaɓoɓi a intanet, wai mara nauyi. Gaskiya tana tashi da wuri, amma an cire mata riga-kafi, an toshe hanyar sabuntawa, kuma ba ka san abin da mai yankan ya cusa a ciki ba. A kan wannan na'urar mutum zai shiga asusun bankinsa. Wasu kuma su kashe fayil ɗin da Windows ke aron wuri a faifai idan ram ya cika, su ce yana cin wuri, sai mai ram giga 4 ya buɗe burauza da Word tare, manhajoji su fara mutuwa. Manhajojin da ke alkawarin wanke rajistar Windows, inda take ajiye saitinta, su ninka sauri kuwa, ban taɓa ganin amfaninsu ba, kuma Microsoft da kanta ba ta goyon bayan amfani da su.

Akwai saitin da ya shafe mu musamman, mu da ke sayen data da kuɗin aljihu muna jona kwamfuta da waya. A cikin saitin Wi-Fi ana iya gaya wa Windows cewa wannan layin na awo ne, sai ta rage sauke manyan kaya a ɓoye. Haka nan nakan kashe damar da ke sa na'urarka ta riƙa tura wa wasu kwamfutoci sabuntawar da ta sauke. Tsarin wuta kuma ina barinsa a matsakaici ga mai laftof. Na ƙoli yana ƙara zafi yana zuƙe batir, a garin da za a iya ɗauke wuta tun safe sai dare. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a Windows 10, Shut down ba ya sauke komai gaba ɗaya, saboda tsarin saurin tashi yana adana wani sashe ya dawo da shi. Restart ne ke farawa daga tushe. Na gaya wa ɗalibar ta riƙa yinsa ko da sau ɗaya a mako.

Saiti dai yana da iyaka, kuma ba na ɓoye wa kowa. Na kwance bayan laftof ɗin, abin da na tarar a bakin fanka kamar auduga, ƙurar hunturu ta shekaru ta dunƙule ta toshe mafitar iska. Furosesa idan zafinta ya doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma babu saitin da zai hana ta. Na share da burushi, na hure, na goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesar na sa sabo ɗan daidai. Da na mayar na kunna, ta tashi cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, furojet da hotunan biki suna inda ta bar su.

Na kuma faɗa mata gaskiya cewa ranar da ta samu hali ta sa SSD, wato faifan ajiya mara juyawa. Faifai mai juyawa irin na laftof da kyar yake wuce mega 100 da kaɗan a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kaiwa wajen 500, kuma ba shi da allurar da za ta yi ta yawo tana neman fayil. Sai dai a kula da inda za a saya. An taɓa kawo mini kwali guda a matsayin sababbi, da na duba da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, na ga wasu sun yi aikin dubban awanni. Na mayar wa mai su, ban sake sayen ko sukuru a hannunsa ba. Tun daga ranar, duk SSD ɗin da zan sa wa mutum a gabansa nake buɗe lafiyarsa ya gani da idonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan an zo biya. Wani zai ce, "Haba Malam, ai ba ka canza komai ba, danne-danne kawai ka yi." Da na goge masa komai na ɓatar da kayansa, da ya biya ba musu, don ya ga an yi wani babban abu. Sanin abin da za a kashe da abin da za a bari, shekaru na yi ina tara shi, kuma shi ne ya tsare masa fayilolinsa. Ita ɗalibar, Allah ya yi mata albarka, ba ta ja ba, har ta turo mini ƙawayenta biyu.

Masu Windows 10 su sani cewa Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'ura, kuma a ɓangaren Intel galibi sai furosesa ƙarni na 8 zuwa sama, abin da yawancin 'yan Beljiyam ɗinmu ba su kai ba. Ba na tilasta ta a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba sai na yi wa mai ita bayani ya amince. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da shiga intanet ba, nakan nuna masa Linux Mint mai Xfce, wata mara nauyi da ake ɗorawa a madadin Windows, a kan filash ya gwada kafin a ɗora, kuma tsofaffin na'urori da dama sun farfaɗo da ita a teburin nan.

Idan za ka kawo taka, ka taho da cajarta, ka tuna kalmar sirrinka, ka kuma faɗa mini fayilolin da ba ka son rasawa tun kafin in kunna ta.